Les Sables-d'Olonne, garin da aka yi wa jiragen iska rumfa

Garin Les Sables-d'Olonne yana bakin tekun Atlantika, cikin jihar Vendée, a yammacin ƙasar Faransa. Asalinsa garin masunta ne. Wata doguwar mashigar ruwa ce ta raba tsakiyar gari da tsohuwar unguwar La Chaume, kuma ta cikinta ne kowane jirgi yake bi kafin ya fita teku. A ƙuryar mashigar akwai tashar Port Olona, inda jirage fiye da dubu suke ɗaure, waɗansu masu inji, waɗansu masu tafiya da ƙarfin iska.

Baƙon da ya zaga tashar zai lura da cewa jiragen iska da yawa suna ɗauke da rumfa a baya, daidai gurbin da matuƙi yake zama yana riƙe da sitiyari da igiyoyi. Ana lanƙwasa bututun ƙarfen da ba ya tsatsa, a ɗaura masa tamfol mai kauri, a ɗinka tagogin roba mai haske a gaba da gefe. In rana ta fito sai a naɗe gefunan, a bar inuwa. In ruwan sama ya sauko sai a zuge zip, gurbin ya koma ɗaki. Amma rumfa ba ta rasa illa: gishiri yana dusashe tagogin, rana tana cin zaren ɗinki, kuma ranar guguwa sau da yawa naɗe ta ake yi, don kada iska ta fizge ta.

Abin da ya ɗaukaka sunan garin shi ne gasar Vendée Globe, wadda Philippe Jeantot ya kafa a shekarar 1989. Mutum ɗaya ne cikin jirgi mai tsawon mita 18, ya zagaya duniya ba yada zango, ba taimakon kowa. Zai gangara kudu, ya kewaye ƙarshen Afirka, ya bi ta kudancin Ostiraliya da ƙarshen Amurka ta Kudu, sannan ya komo mashigar da ya baro. Tafiyar ta kai kusan kilomita 45.000. A karon farko mutum 13 suka tashi, 7 suka kammala, Titouan Lamazou ya zo na ɗaya cikin kwana 109. A lokacin gurbin matuƙi kusan a buɗe yake, ruwa mai sanyin ƙanƙara yana dukan mutum dare da rana. Tekun kudu kuwa ba ta san sabo ba: can ne Gerry Roufs, mutumin Kanada, ya ɓace a shekarar 1997.

Daga gasar 2016 aka fara sa wa jirage fukafukai a ƙarƙashi, masu ɗaga su bisa ruwa. Gudu ya ƙaru har yakan wuce kilomita 55 a awa, kuma a irin wannan gudu raƙumin ruwa yana iya kayar da ƙato ko ya jefa shi teku. Daga nan rumfa ta tashi daga kayan jin daɗi, ta zama garkuwar rai. A 2019 Alex Thomson na Ingila ya fito da jirgin Hugo Boss mai gurbi rufaffe ruf, yana duban waje ta tagogi da kyamarori. Magina da dama suka bi wannan hanya. A gasar da aka fara ranar 10 ga Nuwamba 2024 da jirage 40, Charlie Dalin ya komo cikin kwana 64 da awa 19.

Sai dai kowane gauta ja ne. Matuƙin yau ya tsira daga jiƙa, amma yana zaune cikin akwati mai ƙara kamar ganga, yana sa hular kwano don kada girgiza ta fasa masa kai, ba ya jin iska a fuskarsa sai dai ya karanta ta a allon na'ura. Ranar komowa, sa'ad da dubban jama'a suka cika bakin mashiga suna tafi, sai ya fito daga rumfar ya tsaya a gaban jirgi, don mutanen gari su ga fuskar wanda ya zagayo duniya.