Ɗan Teburin Gefen Gado: Ni Dai Tsoho Nake Nema

Yau na ɗan jingine labarin da muke ciki domin in yi magana a kan wani ƙaramin abu da ba a cika kulawa da shi ba a cikin kayan ɗaki, wato ɗan teburin nan da ake ajiyewa a gefen gado ko gefen kujera, wanda ake ɗora wa fitila ko rediyo ko kofin shayin maigida. Duk wanda ya saba karanta littattafanmu ya san yadda muke tsara ɗakin amaryar Alhaji: kujeru 'yan Italiya, gado ɗan Dubai, teburan gilashi sai ɗaukar ido suke yi. Wannan labari ne, alƙalami kuwa ba ya biyan kuɗin kafinta. Amma in aka zo maganar ɗakina na zahiri, ni dai tsohon tebur nake nema.

Shi tebur baƙo ne a ƙasar Hausa, ko sunansa ma aro muka yi daga bakin Bature. Kakanninmu tabarma suka sani da buzu da faifai da akushi, sai kujera 'yar tsugunno ta mata, wadda masassaƙi ke fitarwa daga gungume guda babu ƙusa babu haɗi. Sai bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911 yana kawo katako daga kudu, sannan tebur ya shiga ofisoshin En'e da makarantun boko, daga can ya gangaro gidajen malamai da akawu. Su Turawa masu cinikin tsofaffin kaya ba sa kiran abu kayan tarihi sai ya cika shekara 100, wanda bai kai ba sai su ce tsohon yayi ne kawai. In da wannan ma'auni za a bi, da wuya ka samu tebur na tarihi a ƙauyukanmu. Abin da muke da shi na tsohon yayi ne, aikin kafintocin shekarun 1950 zuwa 1980.

A garinmu Achilafiya, cikin ƙasar Kazaure, na taso na tarar da irin waɗannan tebura a ɗakunan iyayenmu mata, a gefen gadon ƙarfe mai rumfa, kusa da kabad ɗin da aka jera kwalla da samira a ciki. Da yawansu sun shigo ne lokacin kuɗin Udoji a 1975, sa'ad da ma'aikata suka karɓi ƙarin albashi da ariyas, kowane malamin makaranta ya sayi rediyo, rediyo kuwa dole a nema mata wurin zama. A lokacin Jihar Kano muke, ba a cire Jigawa ba sai 1991, don haka ko dai a ba kafintan Kazaure aiki, ko a ɗauro daga birni a saman mota. Har yau akwai waɗanda ke tsaye da ƙafafunsu huɗu, an yi goyon 'ya'ya a gabansu, an yi na jikoki.

To kwatanta da abin da ake kai wa 'yan matanmu yanzu. Uba ya sayar da akuya, ya jinginar da gona, uwa ta ɗauki adashi, a haɗo saitin gado da durowar gefe masu ƙyalli kamar madubi. Ba katako ba ne, garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse, aka manna masa takarda mai zanen itace. Ranar jere kowa sai sa albarka. Amma bari ruwan buta ya zube a gindinsa, ko damina ta jiƙa daɓe, sai ka ga ƙafar ta kumbura tana marmashewa, kafin amarya ta yaye ɗan fari durowa ta daina rufuwa. Bashin kuwa yana nan ba a gama biya ba. Wallahi abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Sai dai ba kowane tsoho ne na kirki ba, kuma ido kaɗai ba ya zaɓen tebur. Idan an kawo miki, 'yar uwa, fara ɗaga shi ki ji. Katakon gaske yana da nauyi. Sannan ki kifar da shi ki dubi cikinsa, domin can ne babu fenti babu kwalliya. Kafintocin da sukan fafe rami a jikin ƙafa su zura harshen ɗaya katakon a ciki, wani lokaci su soke da ɗan tsinken itace. Wannan haɗin ko ya yi lako-lako gyaransa ba wuya. Wanda kuwa ƙusa ce kaɗai ta riƙe shi, kwanansa ya ƙare. Ki ƙwanƙwasa kowace ƙafa da bayan cokali: in kika ji ƙara kamar ta ganga, gara ta cinye ciki ta bar ɓawo. In kika ga 'yan ƙananan huji da gari mai laushi yana zubowa, ƙwaro na nan da ransa, kuma in ya shiga ɗaki ba a teburin zai tsaya ba, har kabad sai ya ziyarta.

Maganar irin itacen ma abin lura ce. Maɗaci ja ne, yana ƙara duhu da tsufa, shi na fi so. Loko na kudu yana jure ruwa da gara. Maɗobiya kuwa yanzu ta zama gwal, tun da aka yi ta sare ta ana lodi zuwa ƙasar Sin har sai da aka sanya ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya a 2016. Wadda ta gaji teburin maɗobiya ta riƙe abinta. Akwai kuma 'yan fomeka na zamanin da muke yara. Su in gefen bai ɗago ba, kuma ƙafafun katako ne, babu laifi, suna da nasu kyan.

Kada ki tsorata da ɗan tsagewa a saman tebur. Itace yana numfashi, ya sha iska da damina ya buɗe, ya tsuke da hunturu. Wanda ya ga hunturu arba'in a arewacin Jigawa bai wargaje ba ya riga ya ci jarrabawa. Kuma don Allah a daina lafta wa irin waɗannan fentin mai. A goge da tsumma mai ɗan danshi, a shafa kakin zuma, shi ke nan. Tsayi kuma ya danganta da zamanki: mai zaman kujera ta nemi wanda ya yi daidai da hannun kujerar, mai zaman darduma irina kamu ɗaya ya ishe ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne durowa. Na taɓa jawo ta wani tebur na tarar an shimfiɗa mata tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ta yi ja, da wani talla da aka rubuta farashinsa da sule. Naira kuwa sai 1973 ta zo. Ban bukaci dillali ya rantse mini a kan shekarun teburin ba.

Masu son abin ƙawa sukan leƙa Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, su sayi faffaɗan tiren tagulla irin aikin Bida a yi masa ƙafafu masu naɗewa. Yana da kyau ƙwarai a falo. A dai sani, duk inda ake cinikin kayan da a duniya akwai masu turara sabo da hayaƙi ya koma kamar tsoho. Tsufan gaske yana bayyana ne inda hannu ke yawan taɓawa, ba ya game jiki bai ɗaya.

Mu a karkara ba shago muke zuwa ba, dillaliya ce ke shigowa da kaya har tsakar gida, kuma a nan ne nake tsayawa in yi tambayar da ta fi duk na baya nauyi: daga wane ɗaki ya fito? Mace ba ta sayar da teburin gefen gadonta don nishaɗi. Ko aure ne ya mutu, ko ciwo ya kwantar da wani, ko mai shi ta riga mu gidan gaskiya. In mai shi ce da kanta ta fitar saboda lalura, ba na yi mata tayin wulaƙanci, domin na san kuɗin magani ne ko na hatsi. In kuwa kayan mamaciya ne, sai na ji ko an raba gado. Bara aka kawo mini wani na maɗaci mai durowa biyu, irin wanda na daɗe ina nema, farashinsa kuma kamar kyauta. Da na matsa da tambaya sai dillaliyar ta ce ƙanen mijin marigayiyar ne ya ba ta, yaran kuma ƙanana ne. Na ce ta mayar, ta gaya masa in alƙali ko malamai sun raba, ya faɗo a kason wanda ke son sayarwa, ina nan. Har yanzu ba ta dawo da shi ba.