Karatu Ba Na Jarrabawa Kaɗai Ba Ne

Wata Lahadi cikin damina, a nan Burumburum, aka kira ɗaya daga cikin ɗalibanmu na babban aji ya yi karatun Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a. Yaron nan mai ƙoƙari ne a aji. Amma da ya buɗe littafin sai ya fara tuntuɓe, kalma bayan kalma, har gumi ya karyo masa. Wata tsohuwa 'yar zumuntar mata, wadda ba ta taɓa zama a kan bencin makaranta ba, ita ce ta riƙa ɗora shi daga inda take zaune. Mu malamai muka sunkuyar da kai, gama kunyar tamu ce, ba ta yaron ba.

Tsohuwar nan a ajin yaƙi da jahilci ta koyi karatu, bayan ta yi aure har ta haihu. Haka iyayenmu da yawa suka koya. Su dawo daga gona a gajiye, su kunna aci-bal-bal, su riƙa bin baƙi ɗaya-ɗaya da yatsa. Ba wanda ya yi musu alkawarin takardar shaida ko aikin gwamnati. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, su kuwa so suke su karanta shi da idonsu, kada kullum sai an karanta musu.

To, ina muka yi kuskure? Mun nuna muku cewa karatu na jarrabawa ne kawai. Da an gama WAEC da NECO sai a ɗaure littattafai a bar wa gara. Mun kuma hore ku don kun yi Hausa a aji, har kuka ɗauka littafin Hausa ba littafi ba ne. Ga waya kuma ta zo ta cinye ɗan lokacin da ya rage.

Ya ku ɗalibai, a 1933 aka shirya gasar rubuta labarai da Hausa daga Zariya, a ƙarƙashin Rupert East. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A lokacin Imam malamin makaranta ne a Katsina, ɗan shekara 22. Tafawa Ɓalewa shi ma malami ne a Bauchi, tun kafin ya zama Firayim Minista. Kun ga ba su girme ku da yawa ba. Ku fara da waɗannan, ku wuce zuwa Magana Jari Ce. Wanda ya saba da daɗin labari cikin harshen da ya tsotsa, ba zai ji tsoron Things Fall Apart na Chinua Achebe ba.

Mu malamai mun ɗauki alkawari. Kowane aji zai sami akwatin littattafan aro, kuma kowane mako za mu keɓe rabin sa'a mu yi karatu da ƙarfi tare da ku, ba maki, ba bulala. Iyaye, in an sayar da masara da kaka, a tuna da littafi ko da guda ɗaya ne. Ku kuma ɗalibai, in kun je hutu, ku karanta wa ƙannenku da kakanninku shafi ɗaya kowane dare.

Yaron nan yanzu yakan zo aron littafi, har ya roƙi fasto a sake ba shi karatu ranar Lahadi. Da sannu akan je nesa. Allah ya taimake mu duka, amin.