Tsakanin Gardi da Ƙauri: Gasasshen Lemo a Bariyenu

Duk wanda ya saba hanyar Faraku zuwa Jugu a arewacin Jamhuriyar Benin ya san tafiya ce ta kimanin kilomita 135, cikin gonakin doya da na kashu da itatuwan kaɗanya. Yawancinmu ba mu tsayawa. Mukan sauka Jugu, mu yi abin da ya kawo mu, mu wuce Natitingu ta arewa, ko mu ɓulla Kara ta ƙasar Togo, ko mu gangara kudu ta Basila da Sabalu. Ni kuwa cinikin doya da kashu yakan sa in bar kwalta in shiga ƙauyuka, kuma cikin waɗanda na fi kwana akwai Bariyenu, wanda a takardun hukuma ake rubutawa Bariénou. Ɗaya ce daga gundumomi 12 na ƙaramar hukumar Jugu, a jihar Donga. Daga tashar Jugu ɗan kabu-kabu ne zai kai ka, wanda a ƙasar ake ce wa zemijan.

Wurin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Jugu, wadda kakanninmu ke kira Zugu, babban zango ce a tsohuwar hanyar Gwanja. Ayarin fatake kan taso daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, su yada zango a Zugu kafin su miƙe Salaga sayen goro. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa waccan kasuwa, jirgin ƙasa da mota kuma suka ƙarasa kashe ayarin jakuna. Amma ɗabi'ar saukar baƙo ba ta mutu ba. Mutanen karkarar yawancinsu Yom ne da Lokpa, ga Fulani a rugage, harshen kasuwa kuma Dandanci ne, amma da wuya ka rasa mai jin Hausa. Ko a wane gida ka yi sallama, kafin a tambaye ka abin da ke tafe da kai sai an miƙo maka abin sha. Wani abin sha da na tarar a gidan mai masaukina shi ne dalilin wannan rubutu.

Mai masaukin nawa dillalin doya ne, mun daɗe tare. Uwargidansa tana sana'ar zoɓo da ruwan citta da na tsamiya, tana ƙullawa a leda da ƙananan robobi, yara su kai kasuwa da bakin makaranta cikin kula. Sana'a ce da kusan kowace unguwa akwai mata da yawa masu yinta, kuma farashin ɗaya ne: ƙulli dala biyar ko dala goma, roba dala ashirin. Ga wanda bai saba lissafin sefa ba, dala ɗaya sefa biyar ce. Ba mai iya ƙara kuɗi, don haka wadda nata ya fi daɗi ita kularta ke fara ƙarewa, saura kuma su dawo da kwantai. Abin da ya bambanta na wannan baiwar Allah shi ne tana gasa lemo kafin ta matse shi a ciki.

Ranar da na fara kurɓa na ji wani gardi a bayan tsamin, kamar na rake da aka ɗan babbaka. Na ce, "Hajiya, me kika sa a zoɓon nan? Ba kanumfari ba ne, ba kuma abarba ba."

Ta ce, "Alhaji, lemo ne kawai. Wuta ya gani."

Yadda abin ya samo asali ya shafi kasuwar lemon kanta. Lemon zaƙin da ake sha a arewacin Benin mafi yawansa daga kudu yake zuwa, musamman yankin Za-Kpota kusa da Bohikon, wanda ya yi suna wajen noman lemo. Motoci kan ɗauko shi su iso Dasa, inda hanya ta rabu biyu: ɗaya ta bi Sabe zuwa Faraku har Malanbil a bakin iyakar Nijar, ɗaya ta bi Sabalu zuwa Jugu. Kafin ya iso ƙauye irin Bariyenu ya sha rana da matsi a bayan mota. Idan kuma hunturu ya busa, cikin 'yan kwanaki ɓawonsa ya yanƙwane ya taurare. Cikinsa lafiya lau, amma mai saye ido yake bi, sai mai tallan ya karyar da shi. Tun bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, masu safarar kayan da ba su jure jira sun ɗanɗana kuɗarsu, kuma duk wanda ya taɓa ganin kayansa na ruɓewa a bakin hanya ya san darajar dabarar da za ta ceci ko rabin buhu. Hajiya irin wannan yanƙwanannen lemo take saye da araha. Matse shi haka nan wahala ne, ruwan kaɗan. Da ya ji zafi kuwa sai ya saki jiki.

Dabarar ba ta yi mini nisa ba. Ina yaro, idan tari ya kama mu, mahaifiyata takan binne lemon tsami cikin toka mai zafi, ta matse shi a kan zuma ta ba mu. Alhazai kuma sun san busasshen baƙin lemon nan da Larabawan Oman da Iraƙi ke sakawa a miya da shayi. Abin da ya zama sabo shi ne mayar da shi abin sayarwa. 'Yar gidan, wadda ta yi aiki a wani otal a Kwatano, ita ta ga masu haɗa abin sha suna ɗora rabin lemo a kan wuta kafin su matse. A Amurka da Turai ma haka masu wannan sana'a ke yi a haɗin da suke kira koktel, wanda galibi da barasa ake yinsa. Barasa ba tamu ba ce. Amma wuta da lemo halal ne, kuma ba wanda ya hana mu ɗaukar abin da ya yi mana mu bar musu saura.

Ga abin da wutar ke yi. Zafi yana tausasa 'yan jakunkunan da ruwan lemo ke ciki, shi ya sa gasasshe ya fi ɗanye ba da ruwa. A fuskar da ta kalli garwashi kuma, ruwa yana ƙonewa ya bar sukari, sukarin ya yi ja ya ba da gardi, kamar yadda ake gani idan ana dafa alewa. Man da ke cikin ɓawo shi ma yana tasowa da ƙamshi. Tsamin ba ya gudu, yana nan, sai dai gardin ya rufe kaifinsa. Lemon zaƙi sukarinsa yana da yawa, don haka shi ya fi yin ja da daɗi. Lemon tsami sukarinsa kaɗan ne ƙwarai, abin da yake samu a wuta laushi ne da ɗan ƙamshin hayaƙi. Haɗarin yana wajen farin nan da ke tsakanin ɓawo da tsoka. Idan aka bar shi ya daɗe a wuta, ɗaci zai shiga ruwan, gardi ya koma ƙauri, kuma babu yawan sukarin da zai gyara shi. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi minti ɗaya ko biyu ba.

Na zauna na kalli yadda take yi, ga shi kamar yadda na gani. Da asuba bayan ta gama dafa zoɓo, ba ta sake hura wata wuta. Garwashin da ya rage a kurfoti, wanda ya yi farar toka a kai babu harshen wuta, shi take amfani da shi. Ta wanke lemon, ta raba shi biyu a kwance, ta ciccire 'ya'yan da bakin wuƙa, ta goge fuskar da tsumma mai tsabta don kada ya dahu maimakon ya gasu. Sai ta kifa shi a kan waya. Lemon tsami minti biyu zuwa uku, lemon zaƙi huɗu zuwa biyar. Ba ta juya shi, ba ta taɓa shi, sai ta ɗaga guda ɗaya ta duba. Idan ya yi ja mai duhu da zanen waya a jiki, ya yi. Idan ya yi baƙi ƙirin, na awaki ne. Ta bar shi ya huce, ta matse a hankali ba tare da murɗe ɓawon ba, ta tace da rariya.

Abubuwa uku ta ja kunnena a kai. Na farko, wayar da aka gasa nama ko kifi ba ta yi, don lemo yana ɗaukar ƙarni nan take. Na biyu, kada a hura gawayin da leda ko kananzir. Na uku, wanda ya shafi wannan yanki musamman, kada a kuskura a sa ɓawon ƙwallon kashu a wutar. Yana da wani mai da ke ƙona fata, hayaƙinsa kuma yana shaƙe maƙogwaro. A ƙasar da kashu ke ko'ina, yaro zai iya watsa shi a murhu ba da sani ba.

Wajen haɗi kuwa, ba ta zuba gasasshe zalla. Rabi gasasshe, rabi ɗanye, don ɗanyen ya riƙe kaifi, gasasshen ya ba da gardi. A lita ɗaya ta zoɓo takan sa ruwan lemon zaƙi biyu da na tsami ɗaya. A ruwan citta lemon tsami kawai take sawa, da ganyen na'a-na'a. Tsamiya kuwa da ma tana da tsaminta, lemon zaƙi ne abokinta. Sai zoɓon ya huce take zuba lemon, kuma a roba ko kwano mai rufin tangaran, ba a tukunyar dalma ko ta ƙarfe ba, saboda tsami yana cin ƙarfe ya ɓata ɗanɗano. Ta ce tun da ta fara haka sukarin da take saye ya ragu, domin baki yana jin zaƙi ko da an rage cokali. Mai sana'a ya san abin da ragin sukari ke nufi a ribar wata.

Na ce mata, "To Hajiya, me zai hana ki matse da yawa ki ajiye na kwana uku?"

Ta girgiza kai. "Ruwan lemo ba ya kwana, Alhaji. Da safe ka matse, kafin dare ka sayar. Gobe ɗaci ne."

Gaskiyarta. Ruwan lemo idan ya jima yana ƙara ɗaci da kansa, a gari mai zafi kuma inda wutar lantarki ba ta da tabbas yana iya lalacewa ya ɓata cikin yara. Haka nan ƙanƙarar da za a sa dole ta zama ta ruwa mai tsabta, in ba haka ba duk wahalar ta tashi a banza. Sannan kada wani ya ɗauka gashin yana ƙara wa lemo amfani a jiki. Zafi yana rage sinadarin bitamin C, wanda shi ma dalili ne na haɗawa da ɗanye. Mai gyambon ciki kuma ya bi a hankali, musamman lokacin buɗa baki, kada tsami ya zama farkon abin da zai sauka a cikinsa.

Akwai wata magana da nake so iyaye su ji, tun da yaranmu da yawa yanzu a Faraku da Kwatano da Lome suke tasowa. A gidajen abinci da otal-otal na waɗannan garuruwa za ka ga an rubuta koktel a takardar abin sha. Wani ruwan 'ya'yan itace ne zalla, wani kuma an tsiyaya masa barasa, har da soɗabi, wato giyar da ake tacewa daga bammi a kudancin ƙasar. A ido duk ɗaya suke, launi mai kyau da yankan lemo a bakin kofi, gardin gasasshen lemo kuma yana iya ɓoye warin abin da ke ƙasa. A koya wa yaro ya tambaya kafin ya karɓa, ya ce "sans alcool", ma'ana babu barasa. A nan arewa abin ya fi sauƙi, don burkutun da suke kira cukutu a ƙwarya ake shansa a rumfarsa, kowa ya san shi. Na birni shi ne mai shigar burtu. Yaron da ya saba shan mai daɗi a gida kuwa, kofin waje ba zai ruɗe shi da sauƙi ba.

Ga matanmu da ke zaune a zangon Faraku ko Jugu ko wani gari, waɗanda ke neman abin da za su riƙe kansu da shi yayin da maigida ke kan hanya, wannan sana'a ba ta buƙatar jari mai yawa. Kurfoti yana nan, waya ɗaya sabuwa, rariya, da lemon da masu talla ke neman rabuwa da shi da yamma a kasuwar Arzeke ko babbar kasuwar Jugu. A duba dai a tabbata yanƙwanewa ce kawai, ba ruɓa ba: wanda ya yi taushi ko ya yi fumfuna a zubar. A fara da lita biyu, a ba mutanen gida su ɗanɗana, a gyara awo kafin a fitar kasuwa. Watan azumi da watannin zafi na Maris da Afrilu su ne lokacin da aka fi neman abin sha mai sanyi, don haka gara a koyi hannu tun cikin hunturu, lokacin da kuskure ba zai ci kuɗi da yawa ba.

Masu wucewa ta Jugu kuma, in Allah ya sa kuna da rarar yini ɗaya, ku hau zemijan ku leƙa ƙauyukan. Za ku ci sakwarar sabuwar doya da miyar gyaɗa da cukun Fulani da suke kira wagashi, ku ga inda kayan da kuke saye a tasha suke fitowa, ku kuma san manoman da kansu, wanda yake da amfani ranar da kaya suka yi wuya. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.