Wa Ya Tsaya Maka? Yadda Ake Ɗaukar Yaro a Zangon Kwatano

In kana so ka ga inda ake neman aiki a Kwatano, kada ka nufi ofis. Ka yi sallar asuba a babban masallacin Zango, ka fito ka zauna teburin mai shayi. Kafin a miƙo maka kofi za ka gan su: samari biyar ko shida, kowa da 'yar jakarsa a tsakanin ƙafafu, idanu jawur saboda kwanan mota. Wani daga Maraɗi, wani daga Konni, wani daga Sakkwato. Ba su riƙe da takardar neman aiki. Abin da kowa ya riƙe shi ne sunan mutumin da aka ce ya tambaya.

Ni ma haka na sauka a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa. Yau sitona yana can wajen Placodji, tafiyar ƙafa daga masallacin. Placodji tsohuwar unguwar masunta ce, 'yan ƙabilar Xwla, a daidai inda ruwan tafki yake shiga teku. Da safe warin kifin banda da iskar gishiri su ne ke fara yi maka maraba. Ta yamma ga tashar jiragen ruwa, wadda mutanen nan ke kira por, ta arewa kuma in ka bi gaɓar ruwan sai kasuwar Dantokpa. 'Yan zemijan da rigunansu ruwan ɗorawa suna ta zirga-zirga a tsakani. Duk abincinmu a tsakanin waɗannan wurare yake, kuma shi ne dalilin da ya sa muke ɗaukar yara.

Mutanen gida suna zaton mai kuɗi yana tara yara ne don a ce masa Alhaji. Ba haka ba ne. Ni shinkafa da man girki nake yi. A rana ɗaya ana bukatata a por wajen takardun duwan, ana bukatata a sito wajen ƙirga buhuna, ga mai saye a Dantokpa yana jira, ga mota za ta kama hanyar Paraku zuwa Malanbil, sama da kilomita 700. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk inda ban je ba, dole wani ya tsaya da idona da bakina. To ka ga ashe ba ƙarfi nake saye ba, amana nake nema. Ƙarfi kam ga 'yan dako nan, a yi lodi a biya su a rabu kafin la'asar.

Ranar da aka kai ni wurin maigidana, Allah ya jiƙansa, bai tambaye ni karatu ba. Ya dube ni ya ce, “Ɗan wa ne kai?” Na faɗa. Ya ce, “Wa ya tsaya maka?” Fatoman da ya sauke ni ya ce, “Ni ne, Alhaji.” Shi ke nan. Ma'anar tsayawar nan ita ce in na gudu da kuɗi, shi za a kama, kuma labari zai riga ni isa gida. Wata uku ina shara da kai abinci. Wata rana ya aike ni da kuɗin da ya ce jika 200 ne, na ƙirga a hanya na tarar da jika 210. Na mayar masa da goman. Bai ce komai ba, amma washegari ya ba ni makullin sito. Shekara 9 na yi masa, sannan ya sallame ni da jari da addu'a. Wannan tsari shi ya riƙe zanguna tun zamanin fatake da goro, kuma har gobe yana aiki.

Sai dai akwai inda ya gaza, kuma da kuɗina na koya.

Ƙanwata ta bugo waya ta ce, “Yaya, ga ɗanka nan zan turo maka, zaman banza zai lalata shi.” Wa zai ce wa ƙanwarsa a'a? Yaron ya zo, mai ladabi, mai salla, ko sisin wani ba ya taɓawa. A lokacin ina neman wanda zai riƙa bin takarduna a por tare da mai fitar mana da kaya. Na ce ai naka sai naka, na ɗora shi. Ban tsaya na tambayi kaina ko ya iya Faransanci ba. Ashe na gaisuwa kawai ya iya, kuma kunya ta hana shi faɗa. Aka ba shi takarda cewa akwai gyara a lissafin kayan, ya ninke ya sa aljihu, kullum ya dawo ya ce, “Kawu, sun ce gobe.” Kwantena kuwa ba ta zama kyauta. In kwanakin da aka ba ka suka wuce, kuɗin jinkiri hawa yake yi kullum. Kafin in farga, ribar tafiya biyu ta tafi.

Na yi faɗa har maƙwabta suka fito. Da dare na kwanta sai na ga laifin nawa ne. Yaron bai ci amana ba. Ni ne na ba mai gaskiya aikin da ba nasa ba.

Wanda ya gyara mini al'amarin ɗan Placodji ne, ɗan masunci, Kirista, wanda ya gama sakandare yana zaune. Yakan taya ni karanta takarda in na rasa mai karantawa, bai taɓa neman lada ba. Faransanci a bakinsa kamar ruwa, ga yaren Fon da matan Dantokpa ke ciniki da shi. Da na ce zan ɗauke shi, wasu a majalisarmu suka ce, “Alhaji, ka rasa wanda za ka ba takardunka sai bare?” Na ce to wa ya hana naku yaran karatu? Amma ban yar da tsarin maigidana ba. Na ce masa, “Wa ya tsaya maka?” Washegari sai ga mahaifiyarsa, mai bandar kifi, ta zo da ƙanenta. Ta ce gidanta ga shi can, shekara da shekaru ba ta tashi ba, in ɗanta ya yi ba daidai ba in zo in same ta. Ban taɓa samun lamunin da ya fi wannan ƙarfi ba.

Shi ne kuma ya koya mini rubuta sharaɗi. Ya ce, “Baba, a rubuta aikina da albashina, don kada mu ɓata wata rana.” Da farko na ji haushi, kamar bai yarda da ni ba. Daga baya na ga takardar ni ma ta kare ni. A ƙasar nan mafi ƙarancin albashi jika 52 ne a wata tun farkon 2023, kuma doka ta ce a yi wa ma'aikaci rajista a asusun CNSS. Da yawanmu ba ma son jin wannan, mun fi son “zauna, Allah zai kawo”. Amma yaran yanzu suna da waya, sun san abin da ake biya a wani wuri, kuma haƙƙin ma'aikaci ba abin wasa ba ne ko a wurin Allah.

Gwajin gaske ya zo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, motoci suka yi layi, kaya suka tsaya. Ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar ba ta buɗe ba, kaya da yawa suka koma bin Lome da Burkina. Ina da yara huɗu, ciniki kuwa bai kai na biyu ba. Na tara su bayan isha'i na buɗe littafin a gabansu, abin da maigidana bai taɓa yi mini ba. Ɗaya ya ce a sallame shi, na ba shi abin da ya samu ya kama tireda. Sauran suka yarda a rage kwanakin aiki har Allah ya kawo sauƙi. Ɗan Placodji ya nemo mana masu saye a cikin gari. Ɗan ƙanwata kuwa, da na mayar da shi sito da ciniki, sai ga shi ya fi ni iya magana da mai saye, buhu ɗaya bai taɓa ɓacewa a hannunsa ba.

Saboda haka iyayen da ke gida, kafin ku sa yaro a mota ku ce “je ka wurin Kawunka”, ku bugo ku tambaya wane aiki ne ake da shi, ku faɗi gaskiyar abin da yaron ya iya. In da hali ya koyi lissafi da Faransanci kafin ya taso. 'Yan'uwana masu shago kuma, ku faɗa wa yaro tun ranar farko me zai yi, me zai samu, yaushe za a sallame shi.

Yau da asuba ma na tarar da wani a teburin mai shayi, ya ce daga Madawa yake, sunana aka ba shi. Na sa aka haɗa masa shayi da burodi. Na tambaye shi wa ya tsaya masa, ya faɗa, na san mutumin. Sai na ƙara tambayar da ban yi wa ɗan ƙanwata ba: “To, me ka iya?”