Kwana Huɗu a Elmina, Bayan Gidan Bayi



Mu da aka haifa a Zogona, ruwa mafi girma da muka sani muna yara shi ne barajin Tanghin. Teku kuwa sai a bakin direbobin manyan motoci da ke dawowa daga Lome ko Tema. Saboda haka da kawuna, wanda ya fi shekara arba'in yana sana'ar fawa a Elmina ta ƙasar Gana, ya aiko cewa zai aurar da autarsa, ban tsaya neman uzuri ba. Muka bi ta Po, muka ƙetare iyaka a Paga, sai Tamale, sai Kumasi, sai Cape Coast. Daga nan zuwa Elmina bai fi kilomita 12 ba.

Abin da ke kai baƙi garin abu ɗaya ne: babban ginin nan fari na bakin ruwa wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, mutanen Holan suka ƙwace a 1637, sannan ya koma hannun Ingilishi a 1872. Na shiga, na ga ɗakunan duhu da aka riƙa tara bayi, na ga 'yar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi. Na fito jikina a sanyaye. Abokan zagayen nawa kuwa suka shige motarsu suka koma masaukinsu a Cape Coast, ko ruwan leda ba su saya a garin ba. Haka akasarin baƙi ke yi. Ni ma da ba don biki ba, da haka zan yi, in dawo in ce muku na ga Elmina.

Da na gaya wa kawu inda na je, sai ya ce, "Ɗana, ka ga gidan Turawa. Gobe in Allah ya kai mu sai ka ga garin."

Bayan sallar asuba muka sauka bakin gadar da ke kan tabkin Benya, inda ruwansa ke haɗuwa da teku. Ban taɓa ganin cunkoso irin wannan a kan ruwa ba. Kwalekwale ne masu launi iri-iri, kowanne da tutocinsa da rubutunsa, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, mata na jiransu da manyan kwanoni. Mutanen Fanti ne, kuma sunan garin a bakinsu Edina. Maza ke shiga teku, amma ciniki da banda a hannun mata suke. Kawu ya nuna mini unguwar da ake banda: tandunan laka jere, a kan kowanne an ɗora faifan waya hawa-hawa, hayaƙi na ratsa su. Na tsaya ina kallon ƙananan kifayen nan suna yin ja, sai na gane su. Irinsu ne uwargida ke saye a kasuwar Zogona ta daka a miyar kuka. Shekara nawa ina cinsu ban taɓa tambayar hannun da ya juya su a kan wuta ba.

Can ƙarshen tabkin akwai filayen gishiri, inda ake tare ruwa a bar wa rana aikinta. Ran Talata kuma ba a shiga teku, ranar ɗinkin koma ce da gyaran kwalekwale. A Talatar farko ta watan Yuli suke bikinsu na Bakatue, na buɗe tabkin ga masunta.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yana kan wani tudu ne da ake kira Tudun Java. Na tambayi kawu me ya haɗa garin Fanti da tsibirin da ke can Indonesiya, sai ya kai ni wurin wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda ya ba ni labarin a zaune ƙarƙashin bishiya. Tsakanin 1831 da 1872 gwamnatin Holan ta ɗebi mutum wajen 3,000 daga wannan gaɓa zuwa aikin soja a Java. 'Yan garin da suka yarda su tafi ba su da yawa, don haka a 1837 aka ƙulla yarjejeniya da Sarkin Ashanti Kwaku Dua na ɗaya, aka buɗe wurin ɗiba a Kumasi. Waɗanda aka samu a can yawancinsu bayi ne da aka gangaro da su daga arewa: Mosawa, da Gurunsawa, da maƙwabtansu. A biya ubangidan bawa, a ce an 'yanta shi, a ba shi sunan Bature, sannan a riƙa cire kuɗin fansar daga albashinsa. Ingilishi sun yi ƙorafi cewa wannan cinikin bayi ne da aka sake wa riga, kuma a ganina ba su yi ƙarya ba, ko da yake su ma hannunsu ba wankakke ba ne.

Dattijon ya tambaye ni daga ina nake. Da na ce Wagadugu, sai ya yi murmushi ya ce, "To ai kakannin maƙwabtanka ne." Mutanen Java suna kiransu Belanda Hitam, wato baƙaƙen mutanen Holan. An kai su yaƙe-yaƙe har Sumatra, suna faɗa da mutanen da ba su taɓa yi musu laifin komai ba. Wasu suka mutu can, wasu suka auri matan ƙasar suka zauna. Waɗanda suka dawo ba su nufi arewa ba. Ina za su koma, bayan an rabo su da gida tun suna samari, ga kuma fanshonsu a Elmina ake biya? Sai aka ba su filaye a wannan tudu. (Ga mata masu son atamfa 'yar Holan: zanenta kwaikwayon rinin mutanen Java ne, kuma akwai masu danganta farin jininta a ƙasashenmu da tsarabar waɗannan sojoji.)

Na yi shiru, domin hanyar da suka bi da ƙafa ita ce kusan wadda na biyo a mota. Kuma na san kasuwar Salaga, inda kakanninmu fatake ke kai kanwa da tufafi da dabbobi su sayo goro, ba goro kaɗai ake sayarwa a cikinta ba. A gida muna ba 'ya'yanmu labarin ayari da madugu da jaki dubu, muna tsallake wannan ɓangaren. A cikin farin ginin nan yana da sauƙi mutum ya ɗora komai a kan Bature. A kan tudun ban samu wannan sauƙin ba.

Da muka sauko, kawu ya ƙara mini wani. Ya nuna fili fetal da ke gefen gidan bayin, inda masunta ke shanya komarsu, ya ce nan ne tsohon garin yake. A watan Yuni na 1873 Ingilishi suka yi masa ruwan igwa suka ƙone shi, saboda mutanensa sun ƙi mulkinsu sun goyi bayan Ashanti. Sarkinsu Kobina Gyan kuwa aka kai shi Saliyo, bai dawo ba sai 1894. A cikin rundunar da ta yi wa Ingilishi faɗa a ranar har da dakarun Hausawa. Kawu ya faɗi wannan ba tare da ya sassauta murya ba, muna tafe cikin jikokin waɗanda aka ƙone wa gidaje, suna gaishe shi da sunan sana'arsa, yana amsawa da Fantanci.

Ran ɗaurin aure zangon ya cika. Hausarsu ta sha ruwan Fanti da Turanci, tawa ta sha na Mosanci da Faransanci, muka yi ta yi wa juna dariya. Da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake wadda duk Gana ke kira waakye, da dare dokunu da soyayyen kifi da barkono. Matan Fanti abokan cinikin kawu suka zo da kwanonin kifi gudummawa, suka zauna cikin matan gida har aka kai amarya.

Da zan taho, matar kawu ta ɗaure mini kwali guda na bandar kifi da ƙullin gishirin Benya. A Paga ma'aikacin duwan ya tambayi abin da ke ciki, na ce tsaraba ce daga wurin dangi. Ya dubi takarduna, ya ga Wagadugu, ya ce, "Dangi a Elmina?" Na ce e, sun daɗe a can.