Daga Kawo zuwa Kano, kan gardamar littafi da fim

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Asabar motarmu ta tashi daga tashar Kawo a Kaduna. Sharon ce, kuɗin mota naira dubu takwas, kuma mu huɗu aka cusa a kujerar tsakiya. Tsakanin Kaduna da Kano kilomita 230 ne ko kusa da haka. Wani abokina ne ya gayyace ni zaman da masu karanta littattafan Hausa kan yi a soron gidansa, ranar kuwa littattafan da aka mayar fim za a tattauna.

Gardamar ba ta jira mun isa ba. Muna wuce Jaji wata budurwa ta kunna wayarta, muryar wata mace tana karanto labarin soyayya. Direba ya ce, "Ƙanwata, ki jira a yi fim ɗinsa mana ki huta." Sai wata dattijuwa da ke gaba ta karɓe: "Ɗana, kai dai riƙe sitiyarinka. Wanda ya karanta In da So da Ƙauna kafin ya ga kaset ɗin ya san abin da aka rage masa." Littafin Ado Ahmad Gidan Dabino take nufi, wanda ya fito a 1991, aka yi fim ɗinsa a 1994. Ta ce hayarsa ta yi tana amarya, ta kwana tana karatu da fitilar ƙwai, kuma tauraruwar labarin, Sumayyar da ta zana a ranta, ba ita ta gani a talabijin ba. Har muka isa Kwangila a Zariya, wajen tara saura kwata, ba ta gama ba.

Daga nan barci ya ɗan ɗauke ni, ƙafata ta dama ta yi tsami. Na farka a Kwanar Ɗangora. Abin da ya riƙe idona daga Kadawa zuwa Kura shi ne kore shar a tsakiyar rani, albarkacin ruwan madatsar Tiga, ga kwandunan tumatir jere a bakin titi. Sha ɗaya da rabi muka sauka a Unguwa Uku. Kano ba irin Kaduna ba ce wajen abin hawa: tun 2013 aka hana acaɓa, ko'ina ka duba 'yan adaidaita sahu ne. Na biya naira ɗari bakwai zuwa Kasuwar Kurmi.

A wata rumfa na tarar da littattafan ɗaure da roba, sirara, kowane labari an raba shi na ɗaya, na biyu, na uku, ƙura ta hau bangonsu. Mai rumfar ya kaɗe mini guda da gefen rigarsa. "Malam," in ji shi, "marubutan ai da ƙafarsu suka tafi fim." Gaskiya ya faɗa. Bayan fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, marubutan ƙungiyar Raina Kama irin su Gidan Dabino da Bala Anas Babinlata, mai Tsuntsu Mai Wayo, da kansu suka ɗauki labaransu zuwa gaban kyamara. Yau kuma, ya ce, matan da suka saba saye a wajensa a WhatsApp suke biya a turo musu shafi-shafi.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a soron abokina. Na yi mamakin ganin mata sun fi maza yawa, wasu da goyo, wata malamar makaranta da littafinta da ya sha liƙi. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu aka ɗora a faifai: ya fito a 1990, kamfanin Filaps ya yi fim ɗinsa a 1998, Aliyu Kamal kuma ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Wani saurayi mai rubuta wa 'yan fim labari ya fara kare sana'arsa. Ya ce kakarsa ba ta yi boko ba, amma ta san Rabi da Alhaji Abdu da Delu saboda kaset. Ba wanda ya musa masa. Sai malamar nan ta ce, "Ƙanena, an ji. To ina zancen zuci? Rabi, mace mai 'ya'ya tara, miji ya kore ta saboda amarya, ta koma sayar da abinci. Abin da take saƙawa a ranta da daddare, wace kyamara ce za ta ɗauko shi?" Ya ce ana sa murya a kan hoto. Ta ce sau da yawa waƙa ake sawa a wurin.

Nan ne na ga inda gizo ke saƙar, kuma ra'ayina ya karkata gare ta. Waɗannan littattafai mata ne suka fi rubuta su, mata suka fi karanta su a ɗaka, kuma ƙarfinsu yana cikin maganar da mace ba ta iya furtawa a tsakar gida. Fim yana kai labarin ƙauyen da littafi bai taɓa zuwa ba, wannan babban alheri ne. Amma idan aka cire wancan ɓangaren, abin da ya saura rikicin kishiyoyi ne kawai.

Aka dawo kan ƙarshen littafin, inda shagon Alhaji Abdu ya ƙone, aka matsa wa Rabi ta koma. Tambayar ita ce: in za a sake fim ɗin yau, a mayar da ita ko a bar ta da sana'arta? 'Yan mata suka ce a bar ta. Manyan mata biyu suka ce duk wanda ya canza ya yi wa marubuciyar ƙarya, domin haka ake yi wa mata har gobe. Kiran magariba ne ya raba su, ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

A Kano na kwana, bayana yana ciwo. Da safe na karya da gurasa, na koma Unguwa Uku, inda motar Kaduna ba ta cika ba sai ƙarfe goma.