Ganuwar Kano a Idon Badamagare

A shirin gaishe-gaishe da nake gabatarwa nan Damagaram, da wuya mako ya wuce ban karanta saƙon wani namu da ke ci-rani a Kano ba. Wannan ya ce yana Ƙofar Mazugal, wancan Ƙofar Ruwa, wani Ƙofar Wambai. Sunayen sun zauna a bakina tun kafin in taka garin. Da na je, sai na tarar yawancinsu sunan unguwa ne da mahaɗar titi. Ƙofa na tsaye, amma abin da aka huda aka yi ta ya tafi.

Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya sa harsashin ganuwar, aka kammala ta a ƙarni na 14. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, aka ƙara a na 17. Abin da ya fi burge ni shi ne ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Dala da Gwauron Dutse na ciki, da gonaki da kududdufai, don ko an yi wa birni zobe a samu ci da sha. Waje kuma ga gwalalo, ga Sarkin Ƙofa mai rufe ƙyaure da almuru.

Mu Damagarawa muna cikin waɗanda aka rufe wa ƙyauren. A zamanin Sarki Alu, Amadu Kuran Daga ya kai wa ƙasar Kano yaƙi, kuma har yau in na zolayi abokaina Kanawa da zancen sai su ce, to ai dai ba ku shiga birni ba. Gaskiyarsu. Turawan Ingila ne suka shiga a Fabrairun 1903, bayan sun fasa Ƙofar Kabuga da igwa.

Amma igwa ba ta kashe ganuwar ba, ɓaraka kawai ta yi mata. Ginin ƙasa ne, tubali da jar laka, kowace damina sai ta ci rabonta. Abin da ya riƙe ta ɗaruruwan shekaru shi ne yaɓe: ruwa ya ɗauke, a fito da jama'a, kowane yanki ya gyara nasa ɓangaren. Kada mu yi wa aikin kwalliya, akwai tilas a cikinsa, akwai gumin bayi da talakawa. Da tsoron hari ya kau, dalilin yaɓen ya kau. Sai mai gini ya zo ya ɗebi ƙasa, mai neman fili ya kafa shago a kai, sauran ya zama juji.

Na bi gefen badala daga Ƙofar Na'isa zuwa wajen Ɗan'agundi. Wani wurin ta fi ni tsawo nesa, har kana ganin jerin tubalan. Wani wurin tudu ne kawai da awaki ke hawa. Ita Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa hanya, aka mayar da sabuwa mai faɗin da mota za ta wuce. Ba na zargin mai son titi, na sha cunkoson Kano. Sai dai sabuwar ba ta gaya wa yaro kome game da yadda ake tsare gari, don ta da ƙunci gare ta da gangan, yadda mahaya ba za su kutsa a tare ba. Tun 2007 ganuwar ke jerin jiran UNESCO, ana jira tana zaizayewa.

Ba ni da bakin yi wa Kanawa gori. Garun da Sarki Tanimun ya kewaye Birnin Damagaram da shi a ƙarni na 19, har da igwoginsa, bai kai rabin shekarun na Kano ba, kuma abin da ya rage mana ƴan guntaye ne. Na taɓa tambayar masu saurare ko wa zai iya nuna mini inda ya bi. Tsofaffi ne suka bugo waya, kuma su ma sai da suka yi gardama a kan inda wata ƙofa take.